Ɗigon Baƙi a Lallen Malam Dogara

Cuta ba ta shiga lambun Malam Dogara sai an turo ta. Haka yake faɗa a Abujar zamanin Turawa, garin da yau ake kira Suleja, kuma ba mai musa masa, tunda da lallensa ake yi wa amaren garin ƙunshi.

Ta saman shingen lallen nan Bamalli, mai kula da furannin gidan Di'o, Baturen mulki, ya fara hango Lauratu 'yar Malam. Tun daga ranar, kullum la'asar sai ya tarar da ita tana watsa wa ganyen ruwa da ƙwarya. Ruwan kuwa ba ya ƙarewa sai hira ta ƙare.

Ba a jima ba ganye ya fara ɗigo-ɗigon baƙi, ya yi rawaya, yana zuba.

Datti, maƙwabcin da shi ma ke son Lauratu, ya raɗa wa Malam, "Baba, daidai inda yaron Baturen nan ke tsayawa abin ya fi yawa."

Gaskiya ya faɗa. Malam ya hana zance.

Bamalli ya tare ta a hanyar rafi. "Hasken idona, kwanan ganye a jiƙe ne ke kawo wannan. Aikinki ne."

"To in zuba a gindi in shige, yaushe zan gan ka?" Idonta ya ciko. "Wallahi in Baba ya ji, garin Gawu zai tura ni wurin gwaggo."

"Ba zai ji ba."

Ya je gaban Malam ya durƙusa ya nemi izinin gyara lallen. Ya tsinke ganyen da suka kamu, ya share na ƙasa ya ƙone, ya rage rassa iska ta ratsa, ya ce ban ruwa da safe, a gindi kawai. Sabon toho ya fito tas.

Malam ya daɗe yana kallonsa. "Ka cire da sauri haka? Ashe kai ka sa."

Bamalli ya saci kallon ƙofar zaure, inda gefen mayafin Lauratu ke rawa. Ya sunkuyar da kai. "A gafarce ni, Baba."

Malam ya yi tunani: mai irin wannan hannu, gara a ce suruki ne. Ya ba shi Lauratu.

Aka ɗaura aure, aka sa albarka, Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya. Har Bamalli ya yi furfura, in ya doso, matan unguwa kan yi maza su rufe tattasansu da zane, kar ya tura masa cuta. Shi kuwa sai ya gaishe su da ladabi, ya wuce gida wurin Lauratu.