Jan Ƙyalle a Bayan Buhun Shinkafa

Ranar Alhamis da misalin ƙarfe huɗu na yamma, cikin watan Rajab na shekarar 1986, Lurwanu ya dawo daga sallar La'asar ya tarar da mahaifiyarsa zaune a tsakiyar falo. Ta shimfiɗa tsohuwar jarida, ta baje wasu kaya a kai, tana juya su da tsinken tsintsiya don kada hannunta ya taɓa.

Lurwanu injiniya ne a wani kamfanin gina hanyoyi a Riyad, yana zaune a unguwar Badi'a. Matarsa Huseina nas ce a wani asibiti da ke Shumaisi. Tun suna karatu a Zariya suke son juna, kuma har yau idan ta yi dariya sai ya manta abin da yake faɗa. Abu ɗaya ne ya rage musu: tun ɓarin da ta yi shekarun baya, ba ta sake samun ciki ba. Hajiya Rakiya kuwa ta zo musu ziyara ne daga Katsina, kuma tun da ta sauka take ƙare wa surukarta kallo.

"Zo nan, Mai-sunan-Malam," in ji ta. "Shinkafa na je ɗiba in jiƙa ta waina, sai na ga jaka a bayan buhu. Duba abin da ake dafa maka a gidan nan."

Ya durƙusa ya duba. Jan ƙyalle ne na siliki mai bakin zare ruwan zinariya, da jajayen awarwaro na gilashi, da ƙullin garin kurkum, da ƙullin masoro, da turaren tsinke.

"Hajiya, ai kayan ƙamshi ne da na ado."

"Kayan ƙamshi? Wa ya taɓa naɗe masoro a jan ƙyalle ya ɓoye? Ni na girma kusa da gidan 'yan bori. Irin wannan ƙyallen ake yafa wa mai hawan iska. Ko haihuwa take nema a wurin aljanu, ko kai take son mallakewa. Dama na ga ko ruwa ba ka sha sai ka kalli fuskarta."

Lurwanu ya so ya yi dariya, amma dariyar ta ƙi zuwa. Ya tuna makonnin nan Huseina ta ninka aikinta, ranar hutunta ma sai ta ce tana da diyuti. Ya tuna idan waya ta yi ƙara sai ta riga shi ɗauka, ta juya baya tana magana ƙasa-ƙasa da Turanci.

Da magariba motar asibiti ta sauke Huseina. Ta shigo da sallama, ta cire abaya, idonta ya sauka kan jaridar. Ta tsaya cak.

"Na wane ne?" Lurwanu ya tambaya.

"Ba nawa ba ne, Injiniya. Amana ce aka ba ni."

"Amanar wa?" in ji Hajiya. "Ta Sarkin Rafi?"

Huseina ta durƙusa har ƙasa. "Hajiya, wallahi ban taɓa neman komai a wurin kowa ba sai Allah. Ku ba ni zuwa Asabar ta sama, zan yi bayani."

"Ka ji ko? Sai aikin ya ci tukuna." Hajiya ta juya ga ɗanta. "Ban hana ka aurenta ba lokacin da dangi suka ce 'yar boko ce. Amma ba zan bar ka da mai haɗa Allah da wani ba. Kafin in hau jirgi, ka sallame ta. In ba haka ba, ka nemi wata uwar."

A ɗaki ya sake tambayar Huseina, ta share hawaye ta ce, "Idan na faɗa maka, Hajiya za ta tambaye ka, kuma ba ka iya ɓoye mata komai. Ita kuma duk matan Hausawa da ke unguwar Bataha ƙawayenta ne. Kafin jibi magana ta isa asibiti, a kori baiwar Allah daga ƙasar nan."

"Wato ni ma ba ki yarda da ni ba."

"Kai ka yarda da ni?"

Kwanakin da suka biyo baya, ko shayi ta miƙa masa sai ya leƙa cikin kofin kafin ya kurɓa. Ta lura. Sai ta daina zuba masa, ta riƙa ajiye masa butar a gabansa.

Ranar Talata ta ce masa za ta wuce lokacin tashi. Shi kuwa ya baro wurin aiki da rana tsaka, ya faka motarsa nesa da ƙofar asibitin, yana jin kunyar kansa amma ya kasa tafiya. Bayan La'asar sai ga Huseina ta fito tare da wata doguwar mace, su biyun cikin abaya, suka shiga tasi. Ya bi su har Bataha. Suka sauka, suka haura wani bene da ke saman shagunan yadi. Ya bi bayansu, yana jiran ya ga ɗaki mai duhu da hayaƙin turare.

Ofishin masu sayar da tikitin jirgi ya tarar, da fanka tana kaɗawa, da hoton jirgin sama a bango.

"Injiniya!" Huseina ta miƙe. Ta dube shi, ta gane abin da ya kawo shi, sai ta sunkuyar da kai.

Ɗaya matar ta tambaye ta da Turanci ko mijinta ne. Da ta ji yadda abin yake, ta dafe ƙirji, ta ce ita za ta yi magana. Sunanta Omana, 'yar Indiya ce daga Kerala, nas ce a ɗaki ɗaya da Huseina, kuma addinin Hindu take bi. A ƙasarsu akwai wani tsohon ɗakin bauta a garin Kodungallur, na wata da suke kira uwa. Mahaifiyarta ta tsufa, ƙafafunta sun mutu, kuma ta yi alwashin kai jan siliki can lokacin bikinsu na shekara kafin ta bar duniya. Babu mai kai ta sai Omana. Shugabar nas-nas ta ce ba za ta sa hannu a ba ta bizar fita da dawowa ba sai an sami mai riƙe mata aikinta, Huseina ta ce ta ɗauka. Kayan kuwa, ana bincika ɗakunan kwanan ma'aikata, duk abin da ya yi kama da na bauta a kwashe, mai shi kuma ta shiga uku, shi ya sa ta ba Huseina ajiya.

"Me ya sa ke?" Lurwanu ya tambayi matarsa da Hausa.

"Ka tuna ranar da na yi ɓari kana can lardin Ƙasim wurin aiki? Irin jinina babu shi a asibitin. Ita ce ta kwanta aka ɗibi nata, ta tashi ta koma bakin aiki tana jiri. Ta sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Ni ba ruwana da abin da take bauta wa. Uwarta nake so ta gani da rai."

Lurwanu ya zauna a kan kujerar da ke kusa.

Omana da kanta ta ce a kai ta wurin Hajiya. Ta durƙusa ta gaishe ta da ɗan Larabcinta, Lurwanu yana fassara. Hajiya ta saurara har ƙarshe, fuska a murtuke.

"Wato yanzu jinin wannan ne ke yawo a jikin surukata?"

"Shi ne, Hajiya."

"To. Ita uwar tata, wa ke juya ta a kan gado?"

Aka ce wata maƙwabciya ce. Hajiya ta girgiza kai, ta ce, "Allah sarki. Allah Ya shirye su." Sannan ta dubi Huseina. "Ke kuma, alheri daban, ajiye kayan bautar wani a ɗakin abincina daban. Yau jakar nan za ta bar gidan nan. Kuma ba a ɓoye wa miji abin da aka shigo masa da shi gida."

"Na yi kuskure, Hajiya. Ki yafe mini."

"Ni ce zan ce ki yafe. Na ga ƙyalle na yanke miki hukunci, na kusa raba aure da zato. Kai kuma," ta juya ga ɗanta, "matar da ka san halinta tun kuna makaranta, tsohuwa ta zo ta faɗi magana ɗaya ka fara leƙa kofi? Ka ɗauka ban gani ba? Wanda ka sani da gaskiya, idan ya ce ka jira, ka jira. Kuma bakina da ake tsoro, babu wadda za ta ji wannan a Bataha."

Da suka keɓe a kicin, Lurwanu ya ɗauko kofi ya miƙa wa Huseina. "Zuba mini."

"Ba ka tsoro?"

"Ki yi haƙuri, Huseina."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zuba.

Jakar ta koma wurin mai sayar da tikitin, wanda ɗan garin su Omana ne. Ranar Asabar Omana ta tashi zuwa Indiya, ta kai mahaifiyarta inda ta yi alwashi, ta dawo bakin aikinta. Huseina ta riƙe aikin mutum biyu har ta dawo, Hajiya ce ke girki. Bayan ƙaramar Sallah Hajiya ta koma Katsina, ta bar Huseina a ɗakinta.