Man Kaɗe a Ƙarƙashin Rigar Tangaran

Motar farko ta shiga bakin Wankau da ƙarfe tara na safe, bayan minti shida ta fito ta ɗaya ƙarshen tana ɗigar da ruwa. Wankau doguwar na'ura ce da ta cinye rabin garejin Kamfanin Ƙyalli, tana da hannuwan ƙarfe goma sha biyu masu feshi da sharewa, da idanun haske arba'in masu duba fenti. Idanun suka zagaya motar sau ɗaya, na'urar ta yi magana da muryarta mai sanyi: "Fenti lafiya lau. Tsabta ɗari bisa ɗari. A sa riga."

Hajiya Uwani, wadda take tsaye a bakin fita da bokitinta, ta taɓe baki. Shekara talatin da ɗaya tana goge mota, kuma ba ta taɓa ganin abin da ya kai ɗari bisa ɗari a minti shida ba.

A shekarar 2094, motocin hayar birnin Sabon Rima ba sa shan mai, rana suke sha ta jikin fentinsu. Idan fenti ya dusashe, batir ya kwana da yunwa. Don haka kamfanin ya ƙirƙiro rigar tangaran, wani ruwa garau da ake fesa wa mota, a gasa shi da shuɗin haske, ya daskare ya fi gilashi tauri. A ƙofar gareji an rubuta da manyan baƙaƙe cewa babu abin da zai iya cire ta har shekara talatin. Dokar birni kuwa ta ce sai ƙwararren ɗan Adam ya dangwala yatsa a allon amincewa kafin a fesa, kuma wannan yatsa na Uwani ne. Ran nan motoci ɗari uku na ƙungiyar direbobi ne a layi.

Uwani ta zura hannunta cikin siririyar leda, ta ɗora a kan bonet ɗin motar farko. Haka take yi tun tana budurwa, domin leda tana sa yatsa ya ji tsakuwar da ido ba ya gani. Yau hannun bai ji tsakuwa ba, zamewa ya yi kamar an taka sabulu. Ta sunkuya ta shinshina, sai ranta ya ɓaci.

"Malam Barau, zo nan," ta kira dattijon da ke da motar. "Me ka shafa mata?"

Ya sosa ƙeya. "Hajiya, ɗan man kaɗe ne. Ai ba a kawo mota gaban mutane tana furu-furu."

"Kai kaɗai?"

"Dukanmu. Jiya a tasha muka yi, har da gasar wanda tasa za ta fi sheƙi."

Direban Sabon Rima ya gwammace ya kwana bai ci ba da a ga motarsa ta yi fari a layi. Waɗanda suka ƙera Wankau kuwa ba su taɓa zama a tasha ba, sun ba ta sabulu mai laushi don kada ya cutar da fenti mai shan rana, ba su san akwai mai shafa wa mota man kaɗe ba. Man ya shige kowane ƙarce ya cike shi, idanun haske suka ga santsi suka ce lafiya.

Injiniya Nafi'u, manajan gareji, ya sauko daga ofishinsa da sauri, don ya ga layi ya tsaya.

"Hajiya, me muke jira? Dangwala mana."

"Ba zan dangwala ba, Injiniya. Akwai mai a jikin motocin nan. Sai an wanke su da sabulun cire maiƙo, an bi su da yumɓu ya tsince ƙurar ƙarfe, an goge ƙarcen da inji, sannan a share da sifirit. Ba ni mutum goma da mako uku."

"Ranar Asabar ake bikin ƙaddamar da rigar. Na'ura ta ce ɗari bisa ɗari."

"Na'ura ba ta da hanci. Zo ka sa hannunka cikin ledar nan."

Ya dubi ledar kamar an miƙo masa tsumma. "Haba Hajiya. Ido arba'in, ki ce in bar su in bi leda? Girmanki nake gani, amma idan ba za ki dangwala ba, ni ma ina da lasisi."

Uwani ta san abin da wannan ke nufi. Aikin nan shi ne abincinta, kuma a shekarunta babu garejin da zai ɗauke ta. Tsoro ya kama ta, ba ta musa wa kanta ba. Amma ta tuna cewa duk abin da aka rufe a ƙarƙashin rigar ya rufu ke nan, da sunanta a kai.

"To dangwala naka, ɗan nan," ta ce. "Nawa yatsan ba ya shaidar ƙarya."

Ta cire katin aiki daga wuyanta, ta ajiye a kan allon, ta ɗauki bokitinta. Malam Barau ne kaɗai ya shiga motarsa ya ja ta daga layi, yana cewa shi da hannunsa ya shafa man, ya san yawan da ya sa. Sauran suka yi masa dariya. Injiniya ya dangwala yatsansa, layi ya ci gaba.

Kwana biyu Uwani ta yi a kan motar Barau, a gindin darbejiyar ƙofar gidanta. Ta wanke sau biyu, ta murza yumɓu har ya koma baƙi, ta goge har kafaɗarta ta riƙe. Da ta share da sifirit, ƙarcen da man ya ɓoye suka fito fili, ta sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai da leda ta daina zamewa, ta daina jin tsakuwa, sannan ta shafa irin rigar da, wadda ake shafawa da hannu, mai ƙarkon shekara biyu.

Aka yi biki ranar Asabar, motoci suka fito suna ɗaukar ido. Mako na uku zafin bazara ya sauka. Man da ke ƙarƙashin rigar ya narke, ya rasa hanyar fita, ya bazu ya zama farin gajimare tsakanin fenti da tangaran. Rana ta daina isa fenti. Motocin suka fara mutuwa a kan titi tun kafin azahar, ranar Laraba kuwa tasha ta cika da motoci masu sheƙi waɗanda ko ɗaya ba ta motsi. Ma'aikata suka koma tafiya a ƙafa, mota ɗaya tak ke yawo a birni.

A cikin wannan motar Injiniya Nafi'u ya zo gidan Uwani, Malam Barau na tuƙi, suna janye da wata matacciyar mota a baya. Injiniyan ya rame. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ya kamata tun farko.

"Hajiya, mun gwada asid, mun gwada wuta, mun gwada injin kankarewa. Idan rigar ta tashi, da fentin take tashi. Ki faɗa mini abin da zai cire ta."

"Ai kai ka rubuta a ƙofa cewa babu," in ji Uwani. "A nan kam gaskiya ka faɗa."

Ba ta ji daɗin da ta zaci za ta ji ba. Ta san direbobin nan da sunayensu, ta san matansu da 'ya'yansu. Ta ciro leda daga bokiti ta miƙa masa. Wannan karon ya karɓa, ya zura hannu, ya ɗora a kan bonet ɗin matacciyar motar, daidai kan farin gajimaren. Ya shafa gaba, ya shafa baya.

"Ban ji komai ba," ya ce.

"Ba za ka ji ba," ta ce. "Ranar da za ka ji, ba ka sa hannu cikin ledar ba."