Wadda Ke Gidan Gaba

A inda hanyar ƙafa ta ratsa titin mota suka fara haɗuwa. Ita ta sauko daga tsauni da baƙinta 'yan yawon buɗe ido, kowa na haki, shi kuma ya shawo kwana da doguwar motarsa cike da nasa baƙin. Ko kallon motar ba ta yi ba, ta ɗaga sanda ta tsayar da shi sai da mutanenta suka tsallake kaf.

Ya sauke gilashi ya ce, "'Yar Jagora, titin ma na babanki ne?"

"Dutsen dai ya riga titinka zuwa," ta ce, ta wuce abinta.

Shi ke nan fa, direba ya kamu. Daga ranar bai ƙara zuwa mararrabar nan bai taka birki ba, ko da kuwa babu ko akuya a hanya. Ba a jima ba ya samo lambarta, saƙo ya fara shigowa.

"Barewata, yau na hango ki can saman dutse. Baƙina na ɗaukar hoton kwari, ni idona na wani wuri daban."

Ta karanta ya fi a ƙirga, amma amsar da ta tura ita ce, "Ka kalli titi, Direbana, kada ka zubar da 'ya'yan mutane."

Matsalar ita ce Baba. Tsohon jagora ne, shi ya share rabin hanyoyin tsaunin da ƙafarsa kafin gwiwa ta zaunar da shi a ƙofar gida yana feƙe sanduna. A wurinsa, wanda ke nuna wa mutane dutse ta cikin gilashi bai san dutse ba, kuma ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ke wuni a zaune yana jigilar matan da ba a san asalinsu ba. Mama ce ta yi ta binsa da lallami har ya sauko. Ya ce to, yaron ya zo ranar Asabar, amma da ƙafa, ta hanyar da 'yarsa ke bi kullum. In bai zo ba, kada a sake tayar masa da maganar.

Sai dai maganar matan nan ta riga ta shige mata zuciya ta yi zaune. A makon ne kuwa ta lura da wata doguwa mai baƙin tabarau a gidan gaba, kusa da direba. Jiya ita, yau ita. Daga kan wani falalen dutse ta ga motar na tafiya a hankali kamar an ɗauko ƙwai, ta ga ya miƙa wa matar wani abu, ta ga ya tsaya a inda babu abin kallo ko ɗaya, matar ta fito ta zaga bayan mota, shi kuma ya bi ta da gorar ruwa.

Kishi ya turnuƙe ta. Ranar nan da ƙyar baƙinta suka sha, don gudu ta riƙa yi da su a hawa, har wani dattijo ya tambaye ta ko wani abu ne ya biyo su.

Da yamma ta rubuta masa, "Kada ka wahalar da ƙafarka ranar Asabar. Ka gaida ta gidan gaba."

"Wace ta gidan gaba, Barewata? Ɗauki waya mu yi magana."

Ba ta ɗauka ba. Ta so ta yarda da shi, wallahi ta so, amma duk ta rufe ido sai ta ga tabarau. Ta ce gani ya kori ji, gara ta shiga motar da kanta.

Washegari ta ari ƙaton mayafin Mama ta lulluɓe har hanci, ta bi layin baƙi a bakin otal, ta shige kujerar ƙarshe kusa da wani mutum mai tumbi da fara'a. Doguwar na gidan gaba kamar kullum. Direba ya leƙo ya gaida kowa, bai ce da ita komai ba, ta ce a ranta, ka ga munafuki, ko gane ni bai yi ba.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne, ita da ta san kowane dutse a tsaunin nan, ba ta taɓa hawansa a mota ba. Kwana ta farko lafiya. Ta biyu cikinta ya juya. Da titin ya fara nannaɗewa, rami a hagu, bango a dama, sai duniya ta fara yi mata hajijiya. Baƙi na ta santin gajimaren da ya kwanta a kwari, ita kuwa zufa ce ke keto mata. Mai tumbi ya miƙo mata leda cikin tausayi, ya ce ta riƙe, ya saba.

Motar ta tsaya daidai inda babu abin kallon nan. Da rarrafe ta fita, ta zaga baya, ta amayar da duk abin da ta karya da shi. Tana ɗagowa ta ga gorar ruwa da ɓarin lemon tsami a gabanta.

"Sannu, Barewata. Kurkure bakinki ki tsotsi wannan."

"Yaushe ka gane ni?"

"Tun a bakin otal. Wace baƙuwa ce za ta sa mayafin biki da takalmin hawa dutse duk laka?"

Sai ga doguwar ta ƙaraso ta dafa kafaɗarta. Ta ce 'yar uwa ta zo ta karɓi gidan gaba, yau ta fi ta buƙata. Ashe ƙa'idar direbobin tsaunin ce, wanda jiri ya fi kama shi ake sawa a gaba, ya riƙa kallon titi. Ita matar tun ranar farko take fama, ga kuma juna biyu, mijinta ne ma mai tumbin nan da ke yawo da leda a aljihu.

Kunya ta kama 'Yar Jagora kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma da suka koma mota ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Na ji, na yarda. Sai dai har yanzu ina jin haushi, kuma ba zan ɓoye maka ba."

"Ji abinki, ranki ya daɗe. Asabar fa?"

"Ka zo. Ka sa takalmin kirki."

Ya zo kuwa. Ta haɗa shi da baƙinta na ranar, aka kama hawa. Tun ba a je ko'ina ba direba ya fara numfashi kamar tsohon injin. A wurin tsallake rafi, ta miƙa wa wani saurayi mai jar hula bakin sandarta ya riƙe, ta ja shi, kamar yadda take yi wa kowane baƙo. Da ta waiwaya sai ta ga Direbanta ya haɗe rai kamar hadari. Ta miƙa masa sandar, ya ce ya gode, ya faɗa ruwa har gwiwa. Wani sanyi ya ratsa zuciyarta, har ta ji kunyar daɗin da ta ji.

A jiƙe ya isa gaban Baba ya durƙusa. Tsohon ya ƙare masa kallo, ya bar shi ya huce, sannan ya yi masa tambayar da yake yi wa duk wanda ya hawo: me ya gani a hanya? Tana laɓe a bayan ƙofa tana addu'a ya ambaci ko da magangarar ruwa ce.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, ban ga komai ba. Tun daga rafi idona na kan wani mai jar hula da ya riƙe mata sanda."

Baba ya ajiye sandar da yake feƙewa. Can sai kafaɗunsa suka fara girgiza, ya yi dariya har da tari. Ya ƙwala wa Mama kira ya ce ta fito ta ga ɗan uwanta, don ita ma haka ta yi ta hura masa wuta a kan sandar nan tun suna da ƙuruciya. Mama ta ce daga ciki, har gobe ma ba ta yafe ba.

"Tashi, ɗana," in ji Baba. "Dutse dai ba ka san shi ba, amma ka san abin da ka zo nema. Turo manyanka."

Bayan damina aka ɗaura aure. Direbobi da jagorori, waɗanda da ko gaisuwar kirki ba sa yi, suka cika tsakar gida tabarma ɗaya. Da za a tafi da amarya, ta durƙusa gaban Baba tana kuka, angon na gefenta. Tsohon ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Allah ya rage muku kishin nan." Ya ɗan tsaya, ya saci kallon Mama. "Amma kada ya kwashe duka."

Kowa ya ce amin, muryar Mama ta fi ta kowa fitowa.