Sunayen da Ke Takardar Gidan Gondal

Shekara talatin ina rubuta filaye a garin Jelum, ban ga marar zama wuri ɗaya irin Sarfaraz Gondal ba. Wata shida yana min sintiri a ofis yana tono asalin gidan kakanninsa, wai alamar da aka sassaƙa a saman ƙofar ta 'yan Firimesin ce, ƙungiyar asirin nan ta Turawa. Na zaƙulo masa tsofaffin takardu: wani Bature ne ya sayar wa kakansa, iyakar abin da ke rubuce ke nan. Ina! Shi dai an binne wani abu a gidan.

Da rana tsaka ya tafi wurin Baba Ladda, bokan bayan maƙabarta. Ɗaki ne ba taga, ƙasa shafe da toka, fitila tana ci a cikin ƙoƙon kan akuya, busassun lemun tsami rataye da baƙin zare. Bokan ya ce ya ɗaga dutsen kusurwar gabas ta gidan, ya yanka baƙin zakara a ramin, dukiya za ta bi shi. Amma abin da ke ƙasan yana cin duk wanda sunansa ke takardar gidan.

"To ni fa, Baba?"

"Kai ne na ƙarshe."

"In sunayen suna da yawa fa?"

"Sai ka daɗe."

Sarfaraz ya tuna yana da yayye mata huɗu. Don gaggawa, a ranar ya ɗaga dutsen. Kafin wata ya mutu an ja sabuwar hanya ta gefen gonarsa, filin ya yi daraja, kuɗinmu na rupi ya riƙa shigowa kamar ruwan famfo.

Sai ya tara yayyen a gabana, wai zai mayar musu da gadonsu, a sa sunayensu a takardar gidan. Har na yaba masa, kuma kunyar wannan ba ta sake ni ba. Ya manta cewa a wurinmu abin gori ne mace ta karɓi ƙasa daga hannun ɗan'uwanta.

"Ƙanena, so kake a yi da mu a gari?" in ji Kishwar, babbarsu. "Malam, rubuta rabonmu da sunan Taukir da Jibran."

'Ya'yan Sarfaraz ke nan, su biyu kacal. Ya roƙa, ya yi faɗa, gumi ya jiƙa masa riga, amma ya kasa faɗin dalili. Suka dangwala yatsa suna yi masa dariya wai kirki ya yi masa yawa.

Taukir kogi ya ci shi. Jibran zazzaɓin kwana biyu. Uwarsu yanzu bi take ɗaki-ɗaki da faranti tana kiransu cin abinci. A lokacin ne Sarfaraz ya gaya min komai, na tsane shi, na kuma ji tausayinsa.

Ku masu kwaɗayin dukiyar farat ɗaya, ku sani wanda kuka shirya miƙawa ba shi ake ɗauka ba. Sunan Sarfaraz kaɗai ya rage a takardar. Kullum da safe yana tsaye a ƙofar ofis yana roƙon masu wucewa su karɓi gidan kyauta. Jiya ni ya roƙa.