Wanda Ta Tsayar a Bakin Ƙofa

"Shekara huɗu, masoyiyata! Kullum sai Mama ta ji sauƙi, sai Auta ta gama makaranta..."

"To me kake so in yi? In watsar da su?"

"Rana nake so ki sa min. Idan yau ma babu amsa, zan karɓi aikin nan na nesa."

Ta fice daga motar ta shige asibiti, ta bar Injiniya a ciki. Tana son sa kamar ranta, amma tun rasuwar Baba ita ce uwa ita ce uba, ko gishiri ya ƙare sai an kira Yaya.

Su takwas ne ke zama a zagaye a wani ɗakin asibiti duk Laraba, kowa da abin da ke cin ransa. Ita rashin barci ya kawo ta. Yau likitar ta ce, "Tashi ki jera mana gidanku da mutanen nan. Ki tsayar da kowa inda yake a rayuwarki."

Abu mai sauƙi! Ta zaunar da wata malama a tsakiya, ita ce Mama. Ta kewaye ta da mutum uku a matsayin ƙannenta, ta tsaya a kansu ta ware hannuwa. Wani tsohon direba kuwa bakin ƙofa ta kai shi.

"Shi fa?" in ji likitar.

"Wanda zan aura ne."

Likitar ta tambayi kowa yadda yake ji. Malamar ta yi fifita da mayafi. "Wallahi iska nake nema, kin yi min rumfa!"

Aka kwashe da dariya.

Direban ya gyara tsayuwa. "'Yata, ni ban san yaron ba. Amma minti biyar na yi a nan, ƙeyarki kawai nake gani, har ƙafata ta fara neman hanya."

Hannuwanta suka sauka da kansu, tsoro ya kama ta, sai hawaye.

Ba ta jira an tashi ba. Motar na nan, ta buɗe ta shiga.

"Kada ka karɓi aikin."

"Sai yaushe kuma?"

"Ƙarshen watan nan. Mu je gida, da bakina zan faɗa wa Mama."

"Idan ta ce wa zai kula da ita fa?"

Ta share ido ta ɗaura bel. "Ƙannena uku ne, rabin raina, kuma duk sun girma. Tayar da motar!"