Cikin da Mama Odessa Ta Ce Filo Ne

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, teburin Mama Odessa a Brooklyn ta ƙasar Amurka ya cika da soyayyar kaza da burodin masara da makaroni mai cuku. Ƙawayenta uku sun zauna da manyan hulunansu, ba wadda ta cire. Corinne na gefen mijinta Desmond, autan gidan, direban bas, hannunta a kan cikinta na wata shida.

Shekara tara ke nan Corinne na fitowa a wasan talabijin na ƙarfe biyun rana, Litinin zuwa Juma'a ba fashi. A ciki sunanta Sabine, muguwar mace mai ƙwace mazan mutane. Ta saba da tsakin tsoffi a kanti. Abin takaicin, a duk masu yarda da akwatin talabijin babu kamar uwar mijinta.

Da cikin ya fara fitowa, masu shirin suka yi dabarar da suka saba, yau a tsayar da ita bayan kujera, gobe a riƙa mata ƙatuwar jaka. Da ya fi ƙarfin jaka, sai marubuta suka rubuta cewa Sabine na cusa filo a riga don ta yaudari wani likita ya aure ta. A makon nan aka nuna wurin.

Mama Odessa ta ajiye cokali. "Ni fa ranar Alhamis da idona na gani. Ta ɗauko filo ta cusa."

"Mama, Sabine ce ta cusa, ba ni ba. Rubuta mini aka yi."

"Uhm. Abin da kika iya a gaban kyamara, a gida ne zai gagare ki? Shekara huɗu da aure shiru, sai da aka zo labarin filo ciki ya tashi kamar an hura shi?"

Sista Eulalie, babbar ƙawarta, ta tsotsi ƙashi ta ce, "Ai mai sauƙi ne. Ta ɗaga rigar mu gani, duk mata ne, shi kuma mijinta ne."

Corinne ta juya ga Desmond. Mutumin da ya raka ta asibiti ya ga hoton ɗansa, mutumin da ke kara kunnensa a cikin nan kullum. Kansa a sunkuye ya ce, "Bebi, ɗan ɗaga mata kawai mu ci abinci lafiya. Kin san halin Mama."

Kafin ta buɗe baki, Mama Odessa ta miƙo hannu, yatsu sharkaf da man kaza, ta danna cikin kamar mai zaɓen kankana a kasuwa. Shatin mai ya fito a farar rigar. Ƙyama ta kama Corinne. Ƙyamar hannun, da bakunan da ke tauna suna jira, da namijin da ya mayar da mutuncinta kuɗin zaman lafiyarsa.

Ba ta zagi kowa ba, duk da Sabine ta koya mata zagi kala-kala. Ta miƙe hawaye na zuba. "Na gode da abinci, Mama." Ta wuce gidan yayarta a unguwar Queens.

Sati uku tana haddace shafi talatin na wasan kullum, tana zuwa aiki, ba ta ɗaga wayar Desmond. Ranar nan sai ga Desmond a wurin ɗaukar shirin, da kayan aikinsa a jiki. Ya raɓe bayan kyamara. Ranar ce za a tona asirin Sabine, uwar likitan za ta fizge mata riga. Matar ta kawo hannu ke nan darakta, wani tsoho mai faɗa da kowa, ya daka tsawa.

"Tsaya! Ba mai taɓa cikin nan. A kawo wata ta sa filo, mu ɗauki hannu da riga kawai. Corinne, je ki zauna."

Desmond ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya same ta a ɗakin kwalliya ya durƙusa.

"Bare ya tsare miki abin da ni na kasa. Ki yafe mini."

"Ba a nan aka ci mutuncina ba, Desmond. Ka san inda aka yi."

Lahadi ta zagayo, tebur iri ɗaya, huluna iri ɗaya. Desmond ya shigo tare da Corinne, bai zauna ba.

"Mama, ina girmama ki, amma ɗan da kika ce filo ne ba zai shigo gidan nan ba sai kin nemi gafarar uwarsa a gaban waɗannan."

Sista Eulalie ta soma, "Yaro, uwa fa—"

"Da Mamana nake magana, Sista."

Mama Odessa ta kalli autanta, ta ga babu wasa. Ta tashi ta wanke hannunta da sabulu, ta zo gaban Corinne. "'Yata, na yi abin kunya. Ki yafe mini."

Corinne ta yafe, ta koma ɗakinta, bayan wata biyu ta haifi namiji lafiyayye. Haƙurinta ya biya ta, amma ku lura 'yan mata, ba haƙurin ɗaga riga ta yi ba. Kai kuma saurayi, duk zaman lafiyar da sai an tozarta matarka za a same shi, ba zaman lafiya ba ne, ragwantarka ce.