Haƙarƙarin Likita Zayyanu

Ku matso, ku rage murya. Wannan labarin ba a ba da shi da ƙarfi.

Likita Zayyanu aikinsa karanta hoton asibiti. A ɗauki ƙirjin mutum ko kansa, shi kuma ya duba ya faɗi abin da ke ciki. Ƙananan asibitoci kan turo masa hotuna gida, yana dubawa a wata tsohuwar laftof wadda komai a cikinta toka-toka ne. Irin allon da ake aikin da shi a babban asibiti kuwa, kuɗinsa sai a sayi mota. Shi Zayyanu babur ɗinsa ma sai an tura yake tashi.

Ga shi da tari, ya kai wata biyu. Matarsa Barira ta matsa masa har ya je aka ɗauki ƙirjinsa. Ya duba a laftof ɗin ya ce, "Tas yake. Mura ce."

"A wannan allon da kake zagi kullum?" in ji Barira.

Maganar ta ci masa rai, don gaskiya ce. Ran Asabar ya saɓi jaka ya nufi kasuwar kayan wuta neman allo na hannu mai sauƙin kuɗi. Hoton majinyaci amana ne, ba ya kai shi kasuwa, saboda haka da nasa hoton yake gwaji.

Ya sha wahala. Wannan allon haske ya yi masa yawa, wancan baƙinsa ya dafe, ba a rarrabe huhu da ƙashi. Wani yaro ya rantse masa cewa nasa ya fi kowanne nuna ƙwallo.

"Na ce maka ƙwallo zan kalla?"

Wanda ya ɗan yi masa, da ya taya, sai mai shago ya ce albarka, ko ɗago kai bai yi ba. Haka ya yini, ƙafa ta gaji, maƙogwaro ya bushe, tari na turnuƙe shi. Da aka fara kiran magariba 'yan kasuwa suka ja ƙofofi. Maimakon ya bi su masallaci, sai haushi ya sa ya yanke ta wani lungu da ke bayan kwata, shi kaɗai.

A ƙarshen lungun akwai rumfa a buɗe. Ba ƙwan fitila, ba ƙarar janareta. Allo ɗaya tak a kan tebur. Wani dattijo na zaune a baya, rigarsa ta sauka har ƙasa.

"Likita, ka daɗe a hanya," in ji shi. Muryar kamar daga cikin tulu.

Zayyanu bai tsaya tambayar inda ya san shi ba. Gajiya ta cinye masa hankali. Ya jona laftof. Ƙirjinsa ya bayyana.

Bai taɓa ganin allo irin wannan ba. Kowace jijiya ta fito, siririya kamar zare. Sai dai can sama ta hagu, akwai wani ɗan tabo.

Ya yi tsaki. "Shi ma da aibu." Ya goge da hannun riga. Tabon na nan.

"Allona ba shi da tabo," in ji dattijon.

Zayyanu ya matsar da hoton gefe. Tabon ya bi hoton. Tari ya taso masa, ya haɗiye.

"Nawa?"

"Taya."

Kun san ciniki. Mai saye ya taya, in mai kaya ya ce ya sallama, magana ta ƙare, ba a janyewa. Zayyanu kuwa ya yini yana tayi ana ce masa albarka, zuciyarsa ta kawo wuya. Ya yi dariyar takaici ya nuna allon.

"Baba, da me zan taya? Ba abin da ya rage mini sai haƙarƙarin nan. In kana so ɗauki ɗaya."

"Na sallama."

Lungun ya yi tsit. Ko kukan sauro babu.

Ya sunkuya zai cire wayar laftof ɗinsa, sai ya ga fulogin allon yashe a ƙasa, bai shiga ko'ina ba. Allon kuwa na ci. Kusa da fulogin, bakin rigar dattijon ya ɗan ɗage. Kofato ne, irin na jaki.

Bai ɗago ya kalli fuskar ba. Ya fizgi laftof, ya bar takalmi ɗaya a kwata. Addu'ar da ta zo bakinsa ta cin abinci ce, ita ya yi ta maimaitawa har bakin titi.

Yana shiga gida Barira ta ce, "Har an kawo kayanka. Wani tsoho ne. Ko sallama bai yi ba."

Allon na kan teburinsa, a kunne.

Washegari ya kai hoton babban asibiti. Wani abokin aikinsa ya daɗe yana kallo a allonsu mai tsada kafin ya gano tabon. Ciwon huhu ne a farkonsa. Da an ƙara jinkiri, da wani labarin ake yi. Zayyanu ya sha magani wata da watanni, tari ya tafi, jiki ya dawo.

Da aka sake ɗaukar ƙirjinsa, huhu tas. Abokin nasa ya yi masa barka, sannan ya ɗora yatsa a hoton yana bin ƙasusuwan hagu ɗaya bayan ɗaya.

"Zayyanu, yaushe aka yi maka aiki?"

Ba a taɓa yi masa aiki ba, ko tabon allura babu a wurin. Amma haƙarƙari ɗaya ba ya nan.

Har yau a kan allon yake karatu, don bai taɓa ɓoye masa ciwon kowa ba. Yakan yi bismillah ya zauna, hannunsa na dama dafe da gefensa. Fulogin kuma yana rataye bayan tebur, Barira ba ta yarda tsintsiya ta taɓa shi.

To, kun ji. In an kira magariba kuna kasuwa, ku bi inda mutane suka bi. Kada ɗayanku ya shiga lungun bayan kwata shi kaɗai. In kuma wani ya ce ku taya, ku kalli ƙafarsa kafin ku buɗe baki.